Kai yaro makaranta karon farko: shirin yaro da shirin zuciyar iyaye

Ranar da aka karɓo yunifom ɗin ɗana na fari daga wurin tela, ninke shi na yi na tura can ƙasan akwati kamar wadda ta sato abu. Kwana biyu ban bari ya gwada ba. Ni na matsa wa mahaifinsa sai an sa shi makaranta a zangon nan, ni ce kuma nake jin kamar za a ƙwace mini shi. Ga shi ɗan fari, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari a Sakkwato: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa gaban manya, balle a ga hawayenta don zai je wurin da bai wuce tafiyar minti goma ba. Surukata ce ta gano ni. Tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke ɗiyata, hiddo mai kayanai shi gwada. In kina tsoro, shi ma tsoro za shi ji."

Daga lokacin na kai yara uku makaranta, kuma duk abin da na koya bai wuce maganar nan tata ba: yaro fuskar uwarsa yake karantawa tun kafin ya karanta baƙi. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Fara da gane abin da yake cin ki

Abin da muke kira "ba na jin daɗi" yawanci abu uku ne ko huɗu suka cakuɗe. Akwai kewa zalla: yaron da yake manne da zanenki tun daga goyo zai yi rabin yini ba ki gan shi ba. Akwai tsoro: duka, faɗan yara, mota, ɓata. Akwai lissafin kuɗi, wanda ya fi cin maigida ko da bai furta ba. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba, wato fargabar kada boko ya ture karatun allo, ko yaro ya kwaso tarbiyyar da ba ta gidanku ba.

Ki raba su, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Kewa ba ta da magani sai kwanaki, ita kaɗai ce za ki haƙura da ita. Sauran ukun kuwa aiki suke nema. Uwar da ta je ta ga ajin da idonta, ta san sunan malamar, ta san wanda zai ɗauko yaron, tsoronta ya ragu da yawa tun kafin ranar. Ku zauna da maigida ku yi maganar bayan yara sun yi barci. Kada ki ɗauka shi ba ya jin komai. Nawa bai ce uffan ba, amma daga baya maigadin makarantar ya gaya mini sau biyu ya ga babur ɗinsa ya wuce ta ƙofa ranar farko.

Shekarunsa sun kai?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta a makarantun gwamnati, 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kuma shekarun shiga aji ɗaya 6 ne. Abin da ke ƙasa da haka, rabin aji ko nazare, share fage ne. Iyayenmu suna ba da labarin yadda ake sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya ɓangaren, in bai kai ba a ce ya koma gida sai baɗi. Muna dariyar abin, amma ya fi abin da ake yi yanzu hankali, inda za ki ga ɗan shekara biyu da jaka ta fi shi girma yana gyangyaɗi a bayan kabu-kabu, don kawai ɗan maƙwabta ya fara.

Ni abin da nake dubawa ya fi shekaru. Yana iya faɗa in fitsari ko bayan gida ya matsa shi? Yana cin abinci da hannunsa? Ya san sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu? Yana iya zama wuri ɗaya ya saurari tatsuniya har ƙurunƙus? Ya taɓa wuni gidan kakarsa ko goggonsa ba ke, ya dawo lafiya? In amsar mafi yawansu a'a ce, jinkirin zango ɗaya ko shekara ba asara ba ne. In kuwa ya cika shida, to kada kewarki ta riƙe shi a gida da sunan "bai yi wayo ba".

Zaɓen makaranta: ki je da ƙafarki

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Kada ki zaɓi makaranta saboda fentin katanga ko motar ɗaukar yara. Ki je ranar karatu, ba tare da sanarwa ba, kuma ki daidaita zuwanki da lokacin tara, sa'ad da yara suke waje. A lokacin ne za ki ga ko akwai babba da ke lura da su, ko ƙofa a buɗe take kowa na shiga yana fita, ko manyan yara suna ƙwace wa ƙanana abinci.

Ki nemi a nuna miki makewayi kafin ofishin hedimasta. Akwai ruwa? Akwai buta? Na mata daban da na maza? Yaro da yawa ya tsani makaranta ba don karatu ba, sai don yana riƙe fitsari daga safe har tashi. Sannan ki ɗaga kai ki dubi rufin ajin. A watan Satumba ba za ki damu ba, amma ki tuna Afrilu da Mayu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ajin da yake kwano tsurarsa babu silin, ga tagogi ƙanana, tanda ne. Ki duba ko akwai itacen dogonyaro ko rumfa a haraba, da randa ko famfon da yaro zai sha ruwa in nasa ya ƙare.

Ki leƙa ajin da za a sa shi ki ƙirga kawuna da ido. Ki dubi hannun malamar: alli ta riƙe ko bulala? Ki saurari yadda take kiran yara, da suna ko da "kai, wancan". Kina da damar tambaya ko malaman suna da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke nan garin ta daɗe tana yaye masu ita. Amma takarda ba ta sa haƙuri. Na ga malama mai digiri da yara ke ɓuya in sun hango ta, na ga dattijuwar da ajinta ke bin ta kamar 'yan tsaki.

Wani abin da iyaye ke ruɗuwa da shi Turanci ne. Ana jin makaranta ta hana Hausa sai a ce ta iya karatu. Yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali da harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin gane mene ne karatu, daga nan Turancin ya zo masa da sauƙi. Kan wannan aka gina shirin Mu Karanta da aka gudanar a firamaren gwamnati na jihohin Sakkwato da Bauchi, inda 'yan aji ɗaya zuwa uku ke fara karatu da Hausa. Yaron da ke rera "A for apple" bai taɓa ganin tuffa ba, haddar waƙa yake yi.

Nisa ma abin lissafi ne. Makarantar da ke Mabera ga ɗan Mabera ta fi wadda ta fi ta suna a Arkilla ko Gawon Nama, in dai zuwa can yana nufin tashin yaro tun duhu da ratsa manyan tituna sau biyu kullum. In ta kuɗi ce, ki ce a rubuta miki kuɗin shekara gaba ɗaya, zango uku, har da littattafai da yunifom da kayan wasanni da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Cire yaro tsakiyar shekara saboda kuɗi ya gagara ya fi ciwo a kan sa shi tun farko inda za ku iya.

Takardu da lafiya

Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, da ƙananan hotuna. Ku tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya tun yau. In Muhammad ne kada gobe ya zama Mohammed, in sunan kaka za a sa a ƙarshe a sa shi yanzu, kuma kada a rage ko a ƙara masa shekaru. Abin da aka rubuta a rajistar aji ɗaya shi zai bi shi har lambar NIN da jarrabawar WAEC da JAMB, gyaransa kuwa wahala ce da kuɗi.

Ki duba katin rigakafin ko an yi allurar ƙyanda ta wata 9 da ta biyu ta wata 15. In akwai wadda aka tsallake, ki kai katin asibitin sha-ka-tafi na unguwa su gaya miki abin yi. Aji wuri ne da cuta ke yawo daga wannan zuwa wancan. In yaron yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, ki gaya wa malamarsa baki da baki, ki bar mata lambar waya biyu. Ɓoye irin wannan don gudun surutu ganganci ne: mai sikila yana buƙatar ruwa a kai a kai, kuma bai kamata a tsayar da shi a rana da sunan horo ba.

Mako biyu kafin ranar

Barci za a fara gyarawa. Likitocin yara suna cewa ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini da dare, ɗan 6 zuwa sama kuwa awa 9 zuwa 12. Yaron da ya saba hira a tsakar gida har sha ɗaya ba zai tashi da asuba cikin daɗin rai ba don kawai yau Litinin. A riƙa ja da lokacin kwanciyarsa baya kaɗan-kaɗan har ya koma jim kaɗan bayan isha'i.

Ku taka hanyar makarantar tare sau biyu ko uku, ya ga ƙofar, ya gaida maigadi. Ki koya masa buɗe kwanon abincinsa da gorar ruwansa da kansa, da sa takalmi, da tsarki da wanke hannu bayansa. Ki rubuta sunansa a cikin jaka da takalmi da hijabi in mace ce, ta ciki ba ta waje ba, don kada baƙo ya karanta ya kira shi da suna kamar ya san shi.

Sai kuma a kama bakin mutanen gida. "Bari dai a kai ka makaranta, Malam zai zane ka," ita ce maganar da muke yi ba tare da tunani ba, sannan mu yi mamaki in yaro ya riƙe ƙofa yana ihu. Yayyensa ma a ja musu kunne. Kada kuma a wuce gona da iri wajen yabon wurin, a ce masa wasa ne kawai da alewa. Ki gaya masa gaskiya daidai wayonsa: akwai yara da yawa, akwai malama, za a yi karatu, za a ci abinci, sannan a dawo gida.

Allo da boko

A garin Shehu ba a tambayar ko yaro zai yi karatun addini, sai dai yaushe. Da yawa sun riga sun fara allo kafin boko, kuma wannan taimako ne, don ya san zama gaban malami. Matsalar tana wajen jera su. Boko da safe, Islamiyya da la'asar, allo bayan magariba, ga ɗan shekara shida. Ki lura kuma hutun allo Alhamis da Juma'a ne, na boko Asabar da Lahadi, wato in ba a yi hattara ba yaron ba shi da yini guda cikakke na hutu a mako. A zangon farko ni ɗaya nake bari tare da boko, in je in yi wa malaminsa bayani da ladabi, kuɗin Laraba kuwa ba na fasa aikawa. In jikinsa ya saba sai a ƙara. Tsakanin tashi daga boko da tafiya ta yamma dole ya ci abinci ya kwanta, ko na awa ɗaya ne.

In 'ya mace ce kuma wani a dangi yana gunaguni, ba sai an je nesa neman hujja ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata jagorori da ake kira jaji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata. A ƙasar nan aka yi haka.

Ranar kanta

A shirya komai tun dare. Da safe ya karya da abin da ya saba, kunu da ƙosai ko ɗumame ko shayi da burodi, ba ranar gwada sabon abinci ba ce. A kwanonsa ki sa abin da ba ya lalacewa da zafi kuma ba ya ɓata kaya: masa, dafaffen ƙwai, dabino, 'yar shinkafa. Ɗan aji ɗaya bai buƙatar kuɗin tara a hannu.

Wa zai kai shi? Wanda zuciyarsa ta fi dakewa. In kin san za ki fashe da kuka a ƙofar aji, ko kunyar ɗan fari ba za ta bar ki ba, ki bar mahaifinsa ko goggonsa ko baffansa su kai shi, ki yi sallamarki a zaure. Ba gazawa ba ce. Ki dafa kansa ki yi masa addu'a, ya ji da kunnensa.

Wanda ya kai shi ya miƙa shi hannun malama, ya faɗa masa sunanta, ya gaya masa lokacin dawowa da abin da ya sani: "In an tashi, kafin kiran azahar, ina nan bakin ƙofa." Sannan ya juya ya tafi. Abu biyu ne ba a yi. Ba a sulalewa a gudu sa'ad da hankalinsa ya ɗauku, domin gobe ba zai saki hannunki ba ko na ƙiftawar ido. Ba a kuma yi masa ƙaryar "bari in sayo maka alewa in dawo". Zai tsaya yana kallon ƙofa har a tashi. In ya yi kuka, ya yi. Malaman ƙananan aji sun san yawancin yara suna yin shiru jim kaɗan bayan iyaye sun ɓace, tsayuwarki a taga ce ke tsawaita abin.

A makon farko kada a makara wajen ɗauko shi, ko da minti biyar. Yaron da ya ga kowa ya watse ya bar shi da maigadi ba ya mantawa. Ku gaya wa makaranta sunan mutum ɗaya ko biyu da aka yarda su ɗauke shi, shi ma ku gaya masa ba ya bin kowa bayan su, ko da an ce "babanka ya aiko ni". In ɗan kabu-kabu ko mai Keke Napep za a ɗauka, ya zama wanda aka san gidansu, kuma kada a yarda ya jera yara biyar a babur ɗaya.

Ke kuma da kika koma gida, shirun zai dame ki. Ki tanadi aikin da zai cinye safiyar, wanki ko zuwa kasuwa ko gaida wata 'yar'uwa. Ni ranar na tsinci kaina na zuba kunu kofi biyu.

Makonnin farko: abin da zai wuce da wanda ba a bari

Zai dawo a gajiye, da saurin fushi, wani lokaci ya ƙi abinci ko ya ci kamar an kwana ba a ba shi ba. Wanda ya daina fitsarin kwance yana iya komawa na 'yan kwanaki. Kada a yi masa dariya ko duka. Wani yaron ranar farko lafiya lau, sai rana ta uku ko Litinin ta biyu ya tayar da ƙayar baya, lokacin da ya gane abin na kullum ne. Duk wannan yana wucewa cikin mako biyu zuwa huɗu, in dai ba a fara barinsa a gida duk ranar da ya yi kuka ba.

Kada ki tare shi a ƙofa da "me aka koya muku?" Ba shi ruwa, ya ci abinci, ya huta. Daga baya ki yi tambayar da ke da amsa: wa ya zauna kusa da kai? Wace waƙa kuka yi? Ka shiga makewayi? A bakin wasa da ƙannensa ma za ki ji makarantar gaba ɗaya, don zai ɗauki kara ya zama malam, ki ji yadda ake yi musu magana.

Zangon farko yana faɗawa ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na 'yan wata 3 zuwa 59 ne, ɗan aji ɗaya ya wuce shi, saboda haka gidan sauro ne kariyarsa. In jikinsa ya yi zafi a yi gwaji kafin a ba da magani, kuma ya zauna gida. Kafin zangon ya ƙare hunturu ya shigo, sai a nemi rigar sanyi da man shafawa saboda kaushi da fashewar leɓe.

Akwai kuma abin da ba a cewa "zai saba". Tabon bulala ko kumburi a jiki. Yaron da ya wuce wata guda yana ciwon ciki kowace safiyar makaranta amma lafiyarsa ƙalau ranar Asabar. Wanda ya daina magana, ko yake firgita cikin barci, ko yake tsoron wani mutum guda da suna. Wanda kullum abincinsa "ya zube". A nan ki fara zuwa wurin malamar ajin, ki gaishe ta, ki faɗi abin da kika gani ba tare da zargi ba. In bai gyaru ba sai hedimasta, sai kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai. In ta gwamnati ce akwai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Kada ki zagi malami gaban yaro, amma kada ki ce wa yaron ƙarya yake yi tun ba ki bincika ba. In kuma malama ta ce ba ya kwafar abin da ke allo ko ba ya amsawa in an kira shi, a duba idonsa da kunnensa kafin a kira shi daƙiƙi.

Ɗana na fari sai a mako na uku ya daina waiwaye. Ƙanen mahaifinsa ne ke kai shi, ya dawo yana ba da labari a tsakar gida cewa yau tun kafin ya tsayar da babur yaron ya hango abokinsa, ya diro ya ruga, ko sallama babu. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, sannan na shige ɗaki na daɗe ina gyaran gadon da na riga na gyara. Surukata ta ɗaga labule ta ce, "To, mi kika so? Shi yi ta kuka?" Na ce a'a, Inna. Ta ce in fito in ɗora tukunya, azahar ta kusa, zai dawo da yunwa.